Keken da Ya Dace da Kafaɗa

A kasuwar Gudu, mai kekunan gwanjo ya jera wa Juliet kekunan hawa dutse masu araha, yana ta yabon birki da tayoyi. Ita kuwa ko kallonsu ba ta yi ba. Sai ta riƙa saɓa kekunan a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya.

"Madam, ai hawa ake yi," in ji shi.

Ta yi dariya. "Oga, jiya na fara koyo. A tudun unguwarmu, rabin hanya shi zai ɗauke ni, rabi ni zan ɗauke shi."

Ta sayi mara nauyin cikinsu, ta fita da shi a kafaɗa tana kaɗa ƙararrawa.