Igiya ta Uku

Harsashi na goma ya huda tsakiyar allon, kurtun ya ɗago kai yana haki. Wata kofur ce durƙushe a gefensa, tafin hannunta a kafaɗarsa.

"Ka gani? Numfashi ne kawai. Ka daina kokawa da bindiga, ba da ita kuke faɗa ba."

Shekara goma sha ɗaya ke nan tana koyar da harbi a barikin, igiya biyu a hannun rigarta. Samarin da ta koya wa riƙon bindiga sun zama saje, yanzu ita ke ƙame musu. Sau uku tana rubuta sunanta a kwas ɗin ƙarin girma, sau uku Samanja yana soke shi da jan biro.

Ranar nan sabon Kanar ya zo duba filin. Ya daɗe yana kallon allunan, sannan ya juyo.

"Wa ke koya musu?"

"Sajen harbi, yallaɓai," in ji Samanja.

Ƙaramin soja ba ya tsallake na gaba da shi ya yi magana, Kofur ta san hukuncin sarai. Ta tuna 'yarta ta fari, wadda ta tambaye ta jiya ko mata ba sa wuce igiya biyu. Sai ta tako gaba, ta sara.

"Ni ce, yallaɓai. Shi ma sajen ni na koya masa."

Samanja ya yi 'yar dariya.

"Yallaɓai, ba ƙin ta ake yi ba. Mace ce. Yau ciki, gobe goyo, a yi asarar gurbi."

"'Ya'yana biyu, yallaɓai, ƙaramar ma ta shiga aji uku. Ba alfarma nake roƙo ba. A bar ni in zauna jarrabawar, in na faɗi na faɗi."

Kanar ya dubi sajen. Saurayin ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiya ta faɗa.

An yanke mata gadin kwana bakwai saboda magana ba izini. Ta yi shi cif, rana na dukan ta a bakin ƙofar bariki. A rana ta takwas sunanta ya fito a jerin masu tafiya kwas.

* * *

Su arba'in ne a kwas ɗin, ita kaɗai mace. Aka ba ta ɗakin ajiyar katifu, don ba a taɓa tanadin makwancin mata ba. Ta share shi, ta kafa ƙusa ta rataye kakinta. Bayan wata uku aka karanta sakamako a filin fareti, sunanta aka fara kira.

A gida, mijinta ya karɓe rigar ya ce shi zai ɗinka igiyar da hannunsa. Sau biyu allura na soke shi.

"To, Saje, yanzu ni ma ƙamewa zan riƙa yi kafin a ba ni abinci?"

"Har da sarawa," ta ce, yaran suna ta ƙyalƙyala dariya.

* * *

Ranar Litinin da azahar ta nufi ɗakin cin abincin sajoji, karo na farko. Mai tsaron ƙofa ya tare ta, ko kallon kirki bai yi mata ba.

"Baiwar Allah, masu girki ta baya suke shiga."

Ta ɗan juya masa hannun rigarta, ta jira har ya gama ƙirgawa. Ya ja da baya, ya buɗe ƙofar. Ta wuce ciki, ta ja kujerar da ke kusa da taga, ta zauna.