Kifi Uku a Fayil ɗin Mai Fenti

"Sa hannu a nan, da nan," in ji jami'in, bai ko ɗago ya dube mu ba. Cingam yake tauna. Ya turo takardar ta ƙarƙashin gilashi da ɗan yatsa ɗaya, kamar mai ture mataccen kyankyaso.

Yaya ba ta ɗauki biron ba. Yaya nake ce mata duk da ba mu haɗa jini ba. Shekara goma sha ɗaya ƙofarta na kallon tawa a hawa na uku. Mijinta, Mai Fenti, shi ne ya rasu shekaranjiya a wannan gidan da ake tsare baƙi marasa takarda, ni kuma na rako ta karɓar kayansa.

Wata biyu ke nan da ɗauke shi. Yana kan tsani yana shafe bangon wani shago jami'an shige da fice suka ce ya sauko, ko buroshi ba su bari ya wanke ba. Takardar zamansa ce ta ƙare, yana jiran sabuwa. Yana da ciwon suga. Duk ranar ziyara Yaya za ta kai allurarsa, su mayar mata da ita tun daga ƙofa, wai akwai likita a ciki. Zuwanta na ƙarshe ya ce mata, "Ƙafar nan ce ke ɗan damuna, kar ki gaya wa yara." Bayan kwana tara aka same shi kwance a ƙasa, gefen gadonsa.

A satin da aka kama shi wani mai kwat ya fito a talabijin, ya ce duk wanda ke tsare a wurin nan riƙaƙƙen mai laifi ne. Mutanen benenmu kuwa suka haɗiye ba tauna. Matar mai gidan da muke haya, wadda Mai Fenti ya fente wa falo har sau biyu don mutunci, ta tare ni a matattakala.

"Ke, hukuma ba ta kama mutum haka kawai. Ni dama shiru-shirun nan nasa bai taɓa kwanta min ba."

Mai shagon ƙasa ya ce ƙwaya yake safara a gwangwanin fenti. Ranar rasuwa su ne sahun gaba wajen gaisuwa, bakinsu na "Allah ya jiƙansa", idonsu na leƙen bayan labule.

"Ɗana," in ji Yaya, "kafin in sa hannu, gaya min abin da ya yi."

"Yana da tarihin aikata laifi, Mama. Shi ya sa aka hana belinsa."

"Wane laifi?"

"Wannan ba sashena ba ne."

"Yana gabanka. Karanta min."

Ya ja tsaki, ya daddanna kwamfutarsa. Sai na ga bakinsa ya daina motsi.

"Kamun kifi a tafkin da aka hana. Shekara ashirin da biyu da suka wuce. Kifi uku."

Dariya ta kuɓuce min, irin mai ɗaci, har mai gadi ya waiwayo. Wannan ne ƙasurgumin da aka tsare ƙasa daga sharrinsa, da katanga da waya da karnuka.

"Biyu ne," Yaya ta ce a hankali. "Ina da cikin fari, na ce masa kifi nake marmari. Na ukun ƙarami ne, ya mayar da shi ruwa."

"Uku aka rubuta."

"To, bar shi a uku."

Ta sa hannu. Ya miƙo leda mai lamba a jiki, ya ɗaga murya ya kira na gaba.

A cikin bas na ce, "Wallahi muna isa zan buga wa matar mai gida ƙofa. Sai ta ji da kunnenta."

"Kar ki soma," in ji Yaya. "Ba su kai su sani ba."

Ta kwance ledar a cinyarta. Rigar aikinsa ce, da takalmansa masu ɗigon farin fenti, da wata 'yar ambulan da aka zuba igiyoyin takalmin daban, don a can ba a barin mutum da igiya. Ta zaro ɗaya, ta murza bakin igiyar da yawu, ta fara zura ta rami bayan rami. Bas na girgiza, tana kuskurewa tana sakewa.