Sarewar Malam Barau

Jafaru ya sake zare filashin, ya hura masa iska, ya mayar da shi jikin sabon fiyanon. Sunan ya fito a allo sarai, "Sarewar Baba", amma da ya danna maɓalli ko ƙis bai ji ba. Ya danna na biyu, ya danna na uku. Gumi ya karyo masa, alhali fanka tana juyawa a kansa.

Ƙanwarsa Barira ce ta jawo binciken. Ta haihu, jibi suna, kuma jaririn zai ci sunan mahaifinsu, marigayi Malam Barau. Da safe ta kira ta ce ba ta son atamfa, ba ta son turare, ita dai ya haɗa mata ɗan kiɗa da sarewar Baba, a kunna wa mata ranar suna. Shi kuwa da bakinsa ya ce mata ai aikin minti goma ne.

Shekara tara da suka wuce ya ɗaura tsohon fiyanonsa a bayan babur har ƙauyensu Zandam, da batirin mota. Ya zaunar da mahaifin nasu a bakin gona, ya sa shi busa sarewar kara murya ɗaya-ɗaya, yana naɗa yana raba wa maɓallai, sannan ya naɗi busar da yake yi in an gama noman rani. Ba a yi wata biyu ba Malam Barau ya rasu. A cikin fiyanon nan kuma Jafaru ya zuba luguden matan Maruta da amon wani dutse na bayan gari. Kullum ya zauna sai ya murɗa wannan, ya ja wancan, ya fito da abin da kunne bai taɓa ji ba. Duk situdiyon da ke Birnin Kudu an san kiɗansa ba ya kama da na kowa.

To amma ɗan Adam da ido. Fiyanon ya yi jawur, maɓalli biyu sun mutu, abokai suna ce masa tsohuwar rediyo. Da Ɗan'azumi dillali ya kawo sabo daga Kano, mai fitilu da sauti ɗari takwas, sai Jafaru ya rikice kamar ango. Aka yi musaya. Cikin mako guda ya bi ɗari takwas ɗin nan kaf, ya tarar babu wanda bai riga ya ji a motar haya ba.

Nan take ya kira Ɗan'azumi. Mutumin da ya rantse masa cewa filashi zai kwashe komai, yanzu shi ne yake inda-inda, wai ya tambaya a Kano an ce sunaye kawai yake ɗauka, sautin yana can cikin tsohon. Tsohon kuma ya sayar wa wani Bahauddeen a Gwaram, ɗan gidan malamai, mai shirya wa 'yan Islamiyya ƙasidar walima.

Ko ƙofar shago Jafaru bai tuna ya kulle ba, sai da ya zauna a mota.

Ya sami Bahauddeen a zauren gidansu bayan azahar, mutum mai fara'a da sanyin magana. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka tambayi hanya da iyali da damina, Jafaru yana amsawa idonsa na kan wani abu da aka lulluɓe da darduma a kusurwa. Da aka yaye, sai ya ga fiyanonsa an goge shi tas, har maɓallan nan biyu an gyara. Ya ji wani sanyi ya sauko masa, har ya yi hamdala a fili.

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Bahauddeen ya yi murmushin mutumin da ya san ya kyauta. "Kwantar da hankalinka, Malam Jafaru. Da na kunna na ga sunaye, Baba, Inna, Matan Maruta, sai na gane na cikin gida ne. Mu a gidan nan ko waya muka saya ta hannu ba ma buɗe komai, amanar mutum ce. Wallahi ko ɗaya ban saurara ba. A ranar na sa aka share duka."

Jafaru ya tsaya yana kallon bakinsa. Ya fahimci kowace kalma, amma ya kasa haɗa su. Ya so ya yi faɗa, to da wa? Mutumin nan mutunci ya yi masa, irin wanda da an yi wa wani shi ma sai ya yaba.

"Mahaifina ne," ya ce da ƙyar. "Ya rasu. Babu shi a ko'ina sai a nan."

Fuskar Bahauddeen ta sauya nan take. Ya yi salati, ya dafe kai, ya ce a ɗauki fiyanon yanzu a tafi da shi, ko Kano ne shi zai kai a gwada. Jafaru ya girgiza kai. Ya san na'urar nan fiye da tafin hannunsa, abin da ta share ta share.

A cikin gida ana jin ɗalibai suna bitar hadda. Can Bahauddeen ya matso, idonsa ya yi ja, ya ce akwai wani dattijo a unguwarsu da har yanzu yake busa sarewa, in aka rera masa abu sau ɗaya ya kama.

"Rera min yadda Baban yake busawa, sai mu je wurinsa tare."

Jafaru ya gyara zama da sauri, ya yi gyaran murya. Busar da ya ji sau dubu, wadda duk lokacin da ya so sai dai ya miƙa yatsa ta fito. Ya buɗe baki, ya rufe. Ya lumshe ido ya sake nema.

Bahauddeen yana jira.

"Bari dai," in ji Jafaru. "Yanzu zan tuna."