Ranar da Na Auna Kwamfuta da Tef

Shekara ashirin da uku ina rubuta allunan talla da fenti da burushi. Da injin buga fasta ya iso layinmu, masu shaguna suka ci gaba da gaishe ni da ladabi, aikin kuma suka kai wa injin. Gaisuwa ba ta cika tukunya, don haka na nemi gurbi a wata cibiya mai koyar da gina shafukan intanet, ɓangaren da ido ke gani. Sharaɗinsu ɗaya: ranar Alhamis kowa ya zo da ɗan ƙaramin shafin da ya gina da kansa. Kujera goma sha biyar, masu nema sun haura sittin, yawancinsu sa'o'in 'yata ta fari.

Gwajina na farko agogo ne, ya kai ƙarfe uku ya ƙi gaba. Na biyu jerin ayyukan yini, ana iya ƙara aiki amma ba a iya gogewa, kamar dai rayuwata. Na uku na zuba wa ƙarfina duka: shafin shagon ɗinkin mai ɗakina.

Yadda nake yi wa allo haka na yi masa. Na ari tef ɗinta na awo, na auna fuskar kwamfuta faɗi da tsawo, na ba kowane harafi da hoto mazauninsa, na kafe su daram. Sunan shago a sama, riguna a tsakiya, lambar waya a kusurwar dama. Na ja kujera baya, na rufe ido ɗaya, kamar mai duban allo daga tsallaken titi. Ni dai ya burge ni.

"Maman yara, zo ki ga aiki."

Ko tashi daga kan keke ba ta yi ba. "Turo min a waya, Malam. Wace mai kawo ɗinki ka taɓa gani da kwamfuta a jaka?"

Na tura. Ta duba, ta juya wayar, ta sake dubawa.

"Rabin sunan shago na gani, da hannun riga ɗaya. Lambar fa? Ko sai an zagaya bayan wayar?"

"Wayarki ce ƙarama."

"To, sai ka bi su gida-gida ka saya musu manya."

Na karɓi wayar na duba da kaina. Allo in ka auna shi, haka zai tsaya har fenti ya ɓare. Ban taɓa rubuta ko harafi ɗaya ba sai na san girman inda zai zauna. Ga shi yau Talata.

Ta ɗago wani siket na makaranta, ta ja ƙugun ya buɗe, ta saki ya koma. "Ba a kawo min yarinyar nan awo ba, an ce dai shekararta tara. Sai na sa roba, na bar rara a gefe. Jikin da ban gani ba, ba na matse masa."

Kwana biyu ina warware abin da na kafe. Duk inda na sa tsayayyen awo na mayar da shi kaso: rabi, sulusi, duka. Hannuna bai so ba. Akwai wuya mutum ya ɗora harafi, sannan ya yarda wayar wani baƙo ta zaɓa masa mazauni.

Ranar Alhamis, malamar da ke tantancewa ko kyan launina ba ta tsaya kallo ba. Ta kama gefen shafin ta yi ta matsewa har ya koma faɗin waya. Rigunan suka jeru ɗaya ƙarƙashin ɗaya, lambar ta gangaro ƙasa cikakkiya. Sunan shagon ya karye layi biyu, abin da a kan allo da sai na goge na sake.

"Baba, wa ya nuna maka wannan?"

"Tela."

Ta rubuta ni na goma sha huɗu.

Na shigo gida da albishir a baki. Mai ɗakina ta miƙo hannu, idonta na kan allura.

"Tef ɗina, Malam. Kwana biyar ke nan ina awo da taƙi."