Gilashin Tsaya-Haka

"Ba wannan ba! Kai Tela, ido ne da kai ko maɓalli?" in ji tsoho mai kyamara.

Tela ya mayar da gilashin kyamarar cikin akwatin. Ikon Allah, mutum ko kofin ruwa ba ya iya ɗagawa, amma bakin nan na nan daram. Shekara da shekaru suna maƙwabtaka, bai taɓa taɓa kyamarar nan ba sai yau: 'yar ƙarama, baƙa, wadda ake wanawa kamar agogo, mai cin siririn fim. Da ita tsohon ya ɗauki kowa a layin nan. Yana ɗaga ta zai ce "Tsaya haka!", har sunan ya bi shi. Shi kuwa babu shi a fim ko ɗaya.

Yanzu saura naɗin fim guda, likita kuma ya ce a mai da tsohon gida, babu sauran magani.

Gilasai biyu ne a akwatin, masu ɗaurawa a gaban idon kyamarar. Dogon yana jawo fuska kusa. Mai faɗin yana kwashe layi guda, amma kowa ya koma kamar tururuwa.

"Baba Tela, dogon za ka sa," in ji Auta, 'yar tsohon. "Ba ni da fuskarsa ko a takarda. Me zan nuna wa 'ya'yana?"

"Mai faɗin," in ji tsohon. "Wannan fuskar ta ciwo za ki ajiye? Ki nuna musu mutanena. Kai Tela, ka sa wa gilashin hularsa kuma, rana na gabanmu."

 Tela ya dubi Auta, ya dubi amininsa, ya ɗaura mai faɗin, ya kafa masa baƙar hular da ke tare hasken rana. Auta ta juya baya tana share ido.

Aka fito da tsohon a kujera zuwa ƙofar gida. Layi ya cika maƙil: mai gyaran keke da baƙin mai a hannu, malamar asibiti, mai shago ya baro shagonsa a buɗe. Duk waɗanda tsohon ya taɓa yi wa tsawa ne. Wallahi Tela ya ji kansa ya yi girma, a ce maƙwabcinsa ne wannan.

"Ka kafe ƙafarka," tsohon ya ɗaga murya. "Mai ɗauka ba ya yawo!"

Tela ya wana kyamarar daga tsallaken titi, ya danna. Ta fara ƙirrr. Kowa ya shiga, har da akuyar wani. Sai ya hango Auta a gefe, ta sunkuyar da kai. Kawai ya ɗaga ƙafa, ya nufi tsohon da kyamarar. A hankali yake tafiya, hannunsa bai girgiza ba, hannun da ya saba zura zare a allura. Mutane suka dare. Tsohon ya zaro ido, ya miƙe zaune, ciwo ya bar fuskarsa, masifa ta dawo.

Kafin mako ya zagayo, tsohon ya cika, da hantsi, Auta na riƙe da hannunsa.

An daɗe kafin fim ɗin ya dawo daga wanki. Tela ya rufe tagogin shagonsa, ya rataya farin yadi, aka kunna majigin marigayin. Ga layin nan kaf. Ana ta "Ga ni can!", "Dubi cikin mai shago!" Sai hoton ya fara matsawa, mutane na zamewa gefe, har fuska ɗaya ta cika yadin, tar, ido na walƙiya, yatsa a sama.

Fim ɗin ba shi da murya, amma babu wanda bai karanta leɓen ba: "Tsaya haka!"

Auta ta yi dariya, hawaye na zuba. Ta tashi ta ɗora tafinta a kan yadin, hasken ya kwanta a bayan hannunta.