Shafin Mai Gyaran Akodiyan

Tsvetelina ta kai shafi na goma sha ɗaya a injin bincike, har yanzu babu sunan babanta. Manyan kantunan birnin Sofiya ne ke ta fitowa. Can ƙuryar shago, baban nata, Stoimen, yana naɗe kayan aikinsa cikin tsumma. Wata huɗu ke nan ba wanda ya kawo masa gyaran akodiyan, kayan kiɗan nan da ake ja ana matsawa kamar zugazugi, ranar Juma'a kuma zai hau bas zuwa Jamus ya kama dako.

"'Yar digiri, kin gano ni?" ya ce. "Ko har yanzu ina ɓoye?"

"Kai ka ɓoye kanka, Baba. Na ce a buga rubutu, ka ce atafau."

Shi ya kafe. Da hannunsa ya rubuta komai a kan kwali, da harufa masu lanƙwasa irin na allon shagon kakanta, ita kuma ta ɗauki hoto ta ɗora a shafin intanet na shagon. Injin bincike kuwa kalmomin da aka buga yake tsinta, sannan ya duba ko wani shafi ya ambace ka. Nasu hoto ne guda tal, ba kuma wanda ya ambace shi.

"Abin da bai iya karatu ba, ba zan roƙe shi ba," in ji Stoimen.

Ta ɗauki jaka ta fita. A ɗakin karatu na gari akwai Malama Nevyana, wadda ta shekara ashirin tana tara shafukan masu sana'ar hannu a kundi ɗaya na intanet, kowa a ƙarƙashin sana'arsa. A jami'a maƙabarta suke kiran irin wannan kundi. Tsvetelina ta fi kowa dariya a lokacin.

Tsohuwar ta gyara tabarau, ta buɗe shafin, ta bi shi layi-layi da yatsa.

"Wannan hannun Stoimen ne. Har yanzu yana da taurin kai?"

"Ya ƙaru, Goggo."

"Ke ma na ga alama. Tun da kika shigo kike kallon kwamfutata kamar mushe."

Tsvetelina ta sunkuyar da kai. "Wa ke duba kundin?"

"Ba su da yawa, 'yar nan. Malaman kiɗa, masu rawar gargajiya. Amma duk wanda ya shigo, ya san abin da ya kawo shi. Ni kuma ba na sa kowa sai na gani da idona."

Ta sa shi a ƙarƙashin gyaran kayan kiɗa. Suna biyu ta tarar a wurin, ta goge ɗaya, don mai shi ya rasu bara.

Ranar Alhamis da hantsi wayar shago ta yi ƙara. Wani malamin kiɗa ne daga garin Pleven, wanda ya ga shafin a kundin, yana da akodiyan shida da ke yoyon iska, ya ce rubutun hannun ne ya kwantar masa da hankali.

Stoimen ya aje waya, ya fara warware tsumma ɗaya bayan ɗaya.

"Kin ji ko? Rubutun hannu."

"Na ji, Baba."

Ba ta gaya masa tun jiya ta buga kalmomin a ƙasan hoton ba. Ta saya wa Malama Nevyana banitsa mai zafi, wato gasasshiyar fulawa mai cuku, ta kai mata da kanta, ta kuma tambaye ta ko kundin na bukatar mai tayawa.