Motar da Yaya Ya Sayo

Abin da Auta take nema bai taka kara ya karya ba. 'Yar ƙaramar mota take so mai aiki da lantarki, mai ɗan buɗaɗɗen baya inda za ta jera kiret-kiret na ƙwan da take kaiwa shaguna, wadda za ta shiga lungunsu har ƙofar gida, kujerarta kuma a ƙasa-ƙasa yadda tsohuwa za ta zauna ba sai ta ɗaga ƙafa ba. Shi ke nan fa. Amma da ta shiga gari nema, sai ka ce wani abin kunya ta tambaya.

Tsohuwar motarta ta mutu murus tun watannin baya, kuma ba cinikin ƙwai kaɗai ta tafi da shi ba. Da ita Auta take kai Umma, mahaifiyarsu, wajen yayarta da ke ɗaya gefen gari, wadda suke kira Inna. Inna tana kwance ba lafiya, kunnenta ya yi nauyi, waya ba ta da wani amfani a wurinta. Umma kuma gwiwoyinta da ƙyar suke kai ta bakin lungu, balle babban titi inda ake samun motar haya. Tun da motar ta kwanta 'yan'uwan biyu ba su sa juna a ido ba. Kullum da safe Umma takan tambaya, "An samo motar?" Ba ta ƙara komai a kai, amma Auta ta san abin da take tsoro, domin ita ma shi take tsoro.

A shagon motoci na ƙarshe da ta shiga, dillalin ya tarbe ta da murmushi har kunne. Ta yi masa bayani dalla-dalla. Ya gyaɗa kai kamar ya fahimta, sannan ya ja ta wajen wata baƙar a-kori-kura da bonet ɗinta ya kai mata kafaɗa.

"Ranki ya daɗe, wannan caji ɗaya za ki yi mata ki keta ƙasa. Tana jan tirela, tana hawa dutse, tana shiga ruwa."

"Malam, ƙwai nake sayarwa. Me zai kai ni kan dutse?"

"Ai ba a san gobe ba."

"Na san lunguna dai. Ba ku da ƙarama?"

Sai ya sauke murya, kamar mai gulmar maigidansa. "Wallahi tun safe ke ce ta nawa. Mai burodi ya zo, mai gyaran famfo ya zo, wata malamar asibiti ma ta zo, kowa ƙarama yake nema. Mun faɗa wa kamfani har mun gaji. Su kuma manya suke turowa, wai su ne ake yayi."

"Wa yake yayinsu, tunda kowa ƙarama yake tambaya?"

Ya dai buɗe mata ƙofa ya nuna mata kujerar da ke yi wa mutum tausa, da ɗan firiji a tsakanin kujeru. Ya ce akwai ƙananan da aka yi alkawarin kawowa, amma sai ta yi haƙuri, ta bar lambarta. Ta bari, ta fito tana jan tsaki har bakin titi.

Kuskurenta ɗaya, da ta kira Yaya ta yi masa ƙorafi. Yaya shi ne babbansu, yana aiki a wani gari, Allah ya buɗa masa, kuma ba shi da rowa ko kaɗan. Matsalarsa ita ce bai iya sayen abu daidai wa daida ba. A gida ya koya. Suna yara Umma ba ta taɓa saya musu takalmi daidai ƙafa ba, sai mai girma, a cusa tsumma a gaba, ta ce za su girma a ciki. Riga kuwa sai an naɗe hannu. Sauran duk sun bar wannan ɗabi'a tare da ƙuruciya, shi kuwa ya riƙe ta kam. Zuwa gida ba ya samun lokaci, amma aike ba ya yankewa. Ya aiko wa Umma firijin da sai da aka cire ƙyauren kicin kafin ya shiga. Ya aiko gadon da ya cinye ɗakinta, sai a kaikaice ake wucewa. Ya aiko wata kujerar falo mai taushi da in ta zauna ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, kuma a ranar ya sa masu kawo kayan suka tafi da 'yar kujerarta ta katako, wai ta tsufa, tana zubar masa da mutunci.

"Ki bar mini maganar mota," in ji shi.

"Yaya, ƙarama fa. Ka san lungun nan."

"Na sani, ai a nan aka haife ni."

"Mai ƙasa-ƙasa, saboda gwiwar Umma."

"Auta, na ce ki bar mini. Sai kin koya mini sayen mota?"

Tana ajiye wayar ta san ta jawo wa kanta.

Da hantsi ya iso, ranar da ya ce. Auta tana tsakar gida tana ware fasassun ƙwai ta ji hon a bakin lungu, irin wanda ke sa kaji tashi. Ta leƙa. Ga ta nan, ita ce dai baƙar da dillali ya nuna mata, ko kuwa ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, ta toshe bakin lungun gaba ɗaya har haske ya ragu. Yaya yana can sama a bayan sitiyari cikin fararen kaya, yana ɗaga mata hannu kamar mai wucewa a jirgi.

Ya gwada shigowa. Ya naɗe madubai, ya karkata, ya yi ribas, ya sake kutso kai. Motar ba ta yin ƙara, sai dai wani ƙyat-ƙyat da take yi tana gargaɗin cewa bango ya yi kusa, abin da duk mai ido ya riga ya gani. Mai shagon kan kwana ya fito yana ba da hannu, maƙwabta suka fito suna ba da shawara. Wani ya ce a rushe dakalin mai shago, mai shago ya ce a fara rushe gidan mai maganar. Da bangon ya ɗan karce mata gefe, sai Yaya ya kashe ta ya diro.

"Lungun nan ya tsuke," ya ce. "Da ba haka yake ba."

Auta ta cika ta yi fam. "Lungun ne ya tsuke? Yaya, me na ce maka a waya? A ina zan yi mata caji, ko wayar wutar zan jawo tun daga ɗakina har titi? Wane shago zan kai wa ƙwai da wannan? Ni ko birkinta ƙafata ba za ta kai ba."

"Kin cika gajen tunani. Sana'arki za ta bunƙasa, iyali za su ƙaru. Gara a sayi wadda za a daɗe ana mora."

"Za mu girma a ciki ke nan."

"Ƙwarai kuwa," ya ce, ko a jikinsa, don bai ma gane gatse take yi ba.

Tana shirin faɗin abin da za ta yi nadamarsa sai ta ga mutane suna darewa. Umma ce ta fito, ta yafa mayafinta na fita, sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da ƙullin 'yar tsarabar da ta daɗe tana ajiye wa Inna. Tun asuba ta shirya, ashe. Auta ta ruga ta kama ta. Suka taho a hankali, Umma tana dafa bango, tana tsayawa ta huta, gumi yana tsattsafo mata a goshi. Tafiyar da yaro zai yi da gudu ɗaya sai da ta ci musu lokaci mai tsawo.

A jikin motar ta tsaya ta ɗaga kai. Yaya ya buɗe mata ƙofa da rawar jiki. Kujerar tana can daidai ƙirjinta.

"Ina matakin?" Auta ta tambaya.

Yaya ya sosa ƙeya. "Dabam ake sayensa. Sun ce yana hanya."

Umma ta miƙa wa Auta sandar, ta kama ƙofa, ta ɗaga ƙafa. Ƙafar ta tashi kaɗan ta koma. Ta sake gwadawa, ta cije leɓe, ta koma. Auta ta ji ƙwalla ta cika mata ido, rabi tausayi, rabi haushi.

"A ɗauko mata 'yar kujera ta taka," in ji wata maƙwabciya.

"A da akwai," Auta ta ce, idonta a kan Yaya. "An kyautar."

Yaya ya naɗe hannun riga. "Umma, bari in ɗauke ki in sa ki. Ai ba ki da nauyi."

"Kul," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Ba za a sungume ni a gaban jama'a kamar buhu ba. Da ƙafata zan je wajen 'yar'uwata, ko kuwa in koma ciki."

Ta juya tana neman sandarta, kuma da gaske take. Auta ta hango lungun nan da za su sake bi, ta hango Inna kwance tana kallon ƙofa. Shi ma Yaya ya gani. Ya dubi motar, ya dubi mutanen da suka zuba masa ido, ya dubi ƙasar wurin da ruwan wanke-wanke ya jiƙa. Sannan ya durƙusa da gwiwa ɗaya a cikin caɓin, da fararen kayansa, ya kafa ɗaya ƙafar ya daɓa cinyarsa.

"Taka nan, Umma."

Umma ta dube shi. Ta cire takalmi ta ba Auta, ta dafa kansa, ta ɗora ƙafa a cinyarsa. Auta ta tallafe ta ta baya, ya yunƙura a hankali, sai ga ta a kan kujera. Ƙafafunta suna reto, kanta da ƙyar ya leƙo ta gilashi. Ta gyara mayafi, ta rungume ƙullinta, ta maida numfashi.

"Yayansu," ta ce, don ba ta kiran sunansa. "Ni na koya maka sayen babba, na sani. Amma lokacin girma kuke yi. Ni yanzu raguwa nake."

Ya sunkuyar da kai yana kaɗe gwiwa, caɓin kuwa sai ƙara shafewa yake.

"Zan mayar da ita," ya ce. "Zan sa a nemo ƙarama."

"Babu," in ji Auta. "Sai an jira. Gari guda ke jira."

"To, kafin ta zo," Umma ta ce, "Auta ba ta iya tuƙa wannan ba, ni kuma ba na iya hawa. Duk ranar da zan je wajen Inna sai ka zo."

"Umma, aiki fa. Zan turo direba."

"Ba zan taka ɗan wani ba."

Yaya ya zagaya ya hau mazauninsa. Auta ta kama ƙofar baya ta yi ta kiciniya har ta haye, takalman Umma a hammata, tana mita ƙasa-ƙasa a kan ƙwanta da ta bari a rana.

"Ka san hanyar gidan kuwa?" Umma ta tambaye shi. "Ka daɗe rabonka da zuwa."

"Sai dai ki nuna mini," ya ce.

"Yaya zan nuna maka? Ba na ganin titi."